Sandar Tayar Hagu

Orval Dudek ya ɗora motar a kan guntun katako, tayoyinta huɗu na lilo a iska, ya finciki igiya, inji ya kama. Garejin ya cika da ƙara da warin fetur. Da ya matsa totur a jikin rimot, tayoyi uku suka juya sumul, ta gaba ta hagu kuwa ta shiga rawa, har jikin motar na karkarwa kamar mai zazzaɓi.

"Ka gani ko?" in ji Glenda Hovland, tana ɗaga murya. "Tun Lahadin da ta wuce take haka. Da na hau miƙaƙƙen layi sai in ji kamar za ta tarwatse."

Ya kashe injin. Motar tsere ce irin wadda ake tuƙawa daga nesa, tsawonta kamu biyu, nauyinta fam talatin, idan aka sake ta tana yin mil hamsin a awa. Glenda mai raba wasiƙu ce a garin, shekararta arba'in da huɗu, kuma ita kaɗai ce mace a ƙungiyarsu ta masu tsere a filin ƙasa da ke bayan wurin baje kolin gunduma. Shekara uku tana zuwa ta ƙarshe ko kusa da ƙarshe. Bana ce kaɗai ta tsinci kanta ta biyu, ga shi tseren rufe shekara ranar Lahadi ne, yau kuwa Laraba.

"Bar min ita," in ji Orval. "Ranar Asabar ki zo ki ɗauka."

"Ka tabbata?"

"Kin taɓa ganin mota ta fita daga garejin nan tana rawa?"

Ba ta taɓa gani ba. Babu wanda ya taɓa gani. Shekara talatin da biyar Orval ya yi a gaban injin sassaƙa ƙarfe a masana'antar kayan tarakta, kuma tun da aka rufe ta ba shi da wani aiki sai wannan. Ba ya karɓar ko sisi a hannun kowa. Abin da yake so kawai shi ne ranar tsere ya ji wani ya nuna mota ya ce, "Hannun Likita ne wannan." Abokinsa Lonnie Pruett ne ya laƙaba masa sunan, tun suna da gashi a ka.

Ya bi abin daki-daki, kamar yadda ya saba. Ya cire tayar ya ɗora a kan tsinken awo, ya ga nauyinta daidai yake ta kowane ɓangare. Ya duba notin da ke riƙe ta, a ɗaure yake tam. Ya fitar da boris guda biyu da tayar ke juyawa a kansu, ya murza su kusa da kunnensa, ɗaya na ɗan gurnani, ya sauya shi. Rawar ta ragu kaɗan, ba ta tafi ba. Sai ya zaro sandar da ke juya tayar, 'yar guntuwar ƙarfe da ba ta fi yatsarsa ba, ya mirgina ta a kan gilashi. Tana tafiya tana ɗingishi. Ya ɗora mata agogon awo, allura ta yi tsalle ta dawo, ta sake tsalle. A lanƙwashe take, daidai wuyan da boris ke zama.

A ranar ya aika a kawo sabuwa daga wani shago a jihar da ke maƙwabtaka, aka ce masa Juma'a za ta iso. Juma'a ta wuce. Asabar da hantsi ya tsaya a bakin titi har motar kaya ta zo ta wuce gidansa ba ta ko rage gudu ba. Ya buga wa mutum uku waya, babu mai irinta.

Ya koma gareji ya zauna yana kallon sandar a kan gilashi. Ya san ƙarfen. An gasa shi ya yi tauri, idan aka miƙe shi da sanyinsa zai tsage, idan aka sa masa wuta taurin zai gudu ya bar shi da rauni. Shi da kansa ya sha koya wa sababbin ma'aikata haka, har yakan ce musu ƙarfen da ya lanƙwashe a irin wannan wuri kwandon shara ne gidansa. Abin da ya rage shi ne ya kira Glenda ya ce mata bana dai sai haƙuri. Ya ɗauki wayar, ya ajiye.

Ya kunna wutar walda. Ya gasa wuyan sandar har ya yi ja-ja, ya matse ta a maƙata, ya danna a hankali, ya auna, ya sake dannawa. Sau huɗu ya yi haka. A na biyar allura ta tsaya cak, ko numfashi ba ta yi. Ya ji daɗi ƙwarai, irin daɗin da ya daɗe bai ji ba. Wutar ta bar shuɗin tabo a jikin ƙarfen. Ya yanko samfefa mai laushi ya goge tabon har sandar ta yi ƙyalli, ya shafa mata man giris, ya mayar da komai wurinsa.

Glenda ta iso da la'asar, da kayan aiki a jikinta. Ya tayar da motar, tayoyi huɗu suka juya kamar a tsaye suke.

"Kai, Likita!" Ta tafa hannu. "Sabuwar ta iso ke nan?"

"Ta iso," in ji shi.

Lahadi ta zo da rana mai kyau da iskar ƙarshen Satumba. An yayyafa wa filin ruwa, ana gasa nama a bayan wata motar ɗaukar kaya, kofi na yawo a kofunan takarda. Dokar ƙungiya ce duk wanda ya gama nasa tseren ya sa riga mai ruwan lemu ya shiga fili ya tsaya a kwana, idan wata mota ta kife ya tayar da ita. Lonnie ya gama nasa, na bakwai ya zo cikin takwas. Direban bas ɗin 'yan makaranta ne, ƙato, mai ciwon sukari da ba ya hana shi komai. Ya zo yana kokawa da rigar, wadda ta ƙi rufe masa tumbi.

"Likita, wannan rigar ma tana bukatar gyaranka."

"Ba rigar ce ta lalace ba. Ajiye kek ɗin da ke hannunka."

"Kai dalla can. Matata Bernice ta hana ni a gida, kai ka hana ni a waje? Tsohon banza, tafi ka auna gashin kanka da agogon nan naka, ko ka samu guda biyu."

Ya cusa sauran kek ɗin a baki, ya tsallaka bututun roba da aka kewaye filin da shi, ya tafi kwanar da ke ƙarshen miƙaƙƙen layi.

Motoci goma suka tashi. Glenda na kan dandamalin direbobi, rimot a hannu, leɓenta a cije. A zagaye na shida ta cim ma motar da ke ta farko. A na tara ta wuce ta, mutane suka yi ihu, wani ya bugi kafaɗar Orval ya faɗi abin da yake son ji. A na goma sha ɗaya ta hau miƙaƙƙen layin da dukkan gudunta.

Orval na bakin shinge, idonsa a kan tayar hagu tun farkon tseren, don haka shi kaɗai ya ga yadda abin ya jeru. Tayar ce ta fara fita. Ta yi gefe ita kaɗai tana tsalle, gaban motar ya tokari ƙasa, ta doki bututun, ta tashi sama. A lokacin Lonnie ya sunkuya yana tayar da wata mota, bayansa a juye. Fam talatin na ƙarfe ya same shi a ƙaurin dama. An ji ƙarar duk da injuna goma.

Da suka isa wurinsa yana zaune a ƙasa, fuskarsa fari fat, ƙashi ya huda wando. Glenda ta durƙusa tana ta maimaita sunansa.

"Haba, 'yar nan," in ji Lonnie, yana haki. "Ga kofin gasa can a kan tebur, ni kika zo ɗauka?"

Babu wanda ya yi dariya. Bayan motar asibiti ta tafi, wani ya tsinto tayar a cikin ciyawa ya ce ƙarfin karon ne ya ɓalle ta. Kowa ya yarda, tunda abin da suka gani shi ne mota ta zo kwana ba ta juya ba. Aka miƙa wa Orval tayar. Ya leƙa cikinta, ya ga guntun sandar a maƙale, karayar daidai wuyan boris, da ɗan zoben shuɗi a lungun da samfefa ba ta kai ba. Ya sa tayar a akwatin kayan aikinsa ya rufe.

An yi wa Lonnie aiki sau uku. Ƙashin ya yarda ya haɗu, naman ne ya ƙi. Sukari ya hana ciwon rufewa, ya ruɓe, aka yanke, ya sake ruɓewa. A mako na shida likitoci suka cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Gunduma ta sa kwaɗo a ƙofar filin tsere. Aka ba wani bas ɗin makaranta.

Bernice, matar Lonnie, ba ta taɓa son wasan ba, yanzu kuwa ta samu inda za ta ajiye fushinta. Sau biyu Glenda ta je asibiti, sau biyu Bernice ta tare ta a bakin ƙofa. Ta kai musu farantin taliya da cuku gida, washegari ta tarar da shi a kan akwatin wasiƙa, ko murfin ba a ɗaga ba. A shagon kayan masarufi wasu 'yan ƙungiya sukan sauya layi idan sun hango ta. Akwai wanda ya faɗa a fili cewa tun farko bai kamata a bar wanda hannunsa bai nuna ba ya riƙe mota mai wannan nauyi. Ga shi gidan Pruett a kan hanyar aikinta yake. Kwana shida a mako sai ta tsaya a ƙofarsu.

Orval kuwa ƙofa a buɗe take gare shi. Da aka sallamo Lonnie a farkon Nuwamba, shi ya kawo katako da kusoshi ya fara gina gangara daga baranda zuwa tsakar gida, yadda keken guragu zai sauka. Bernice takan fito masa da kofi da miya mai zafi.

"Ban san yadda za mu yi ba da ba ka nan," ta ce masa wata rana. "Cikin duk taron nan na masu wasan yara, kai kaɗai ne mutum."

Ya sha miyar.

Rana ta huɗu da fara aikin, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, motar wasiƙu ta tsaya a bakin titi. Orval na durƙushe kusa da akwatin wasiƙa yana yanka katako. Bai ga Glenda kusa ba tun ranar tseren. Rigar aikinta ta yi mata yawa, idanunta sun faɗa.

"Yaya yake?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Yana cin abinci. Jiya ya zagi talabijin."

Ta ɗan yi murmushi, ya ɓace nan take. Ta zura wasiƙun a akwati, amma ba ta ja motar ba.

"Orval, kai ka san motoci. Ka faɗa min gaskiya. Na juya sitiyarin rimot ɗin, na rantse na juya. Amma kullum idan na sake tunawa sai in ga kamar na makara, ko kuma na kalli wadda ke bayana. Na kai inda ban san abin da hannuna ya yi ba. Ko wannan motar idan ina tuƙawa, da na ga mutum a gefen titi sai in taka birki in tsaya har ya wuce." Ta goge hanci da bayan hannu. "Kana bakin shinge. Na makara ne?"

Zarton na hannunsa. Ya duba inda zai ajiye shi, ya rasa, ya ci gaba da riƙewa.

"Ba ki makara ba."

"Kada ka lallashe ni."

"Tayar ce ta fita kafin ki kai kwanar. Sandar ta karye. Ko wa ke riƙe da rimot ɗin, motar ba za ta juya ba." Ya dube ta. "Sabuwar ba ta iso ba, Glenda. Tsohuwar na gasa na miƙe. Na goge ta yadda ba za ki gane ba."

Injin motar na ta aiki. Sai ta kashe shi, ta sauko, ta rufe ƙofa a hankali.

"Mako bakwai," ta ce.

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ajiye wannan abin, mu shiga."

Bernice na wanke-wanke lokacin da suka shigo kicin. Lonnie na kan kekensa a gefen tebur, bargo a cinya, yana jera ƙwayoyin magani. Da Bernice ta ga wadda ke bayan Orval sai ta ajiye kofin da ke hannunta da ƙarfi.

"Wa ya ce ki shigo min gida?"

"Ni na shigo da ita," in ji Orval. Ya cire hularsa. Ya faɗi komai a tsaye, bai rage ba: wutar, samfefar, kalmar da ya faɗa ranar Asabar, tayar da ke cikin akwatinsa har yanzu. Yana magana yana kallon firiji.

Da ya gama, Bernice ta juya ta kalli Glenda, ba shi ba.

"To, sai me? Motarki ce. Ke kika kawo ta, ke kike gudu da ita. Kina jira in ce miki sannu?"

"Ban zo don ki ce min komai ba," in ji Glenda. "Na zo ne ya ji." Ta matsa kusa da keken. "Lonnie, na yi baƙin cikin ƙafarka. Tun ranar nake son in faɗa maka."

Lonnie ya ɗago. Ya rame, fatar wuyansa ta saki.

"Na ji, 'yar nan. Je ki, mutane na jiran wasiƙunsu."

Ta fita. Ba ta kalli Orval ba. Suka ji tashin motarta.

Lonnie ya ci gaba da tura ƙwayoyin da yatsa, fari nan, rawaya can. Orval na jira a zage shi. Ya san bakin Lonnie tun suna aji ɗaya a firamare, ya san abin da zai iya fitowa daga cikinsa, yana ma fatan ya fito.

"Ka san ƙarfen zai iya karyewa?" in ji Lonnie daga ƙarshe.

"Na san zai yi rauni. Na ɗauka zai kai ƙarshen tsere ɗaya."

"Ka ɗauka."

"E."

"Da na tafi kwanar nan, kana kallona."



"Fita min daga gida," in ji Bernice. "Kwashe katakonka ka tafi."

"A'a," in ji Lonnie. "Ya gama tukuna. Wa zai ƙarasa, ke? Ranar Talata zan fara zuwa gwajin ƙafar roba, ba zan sauka matakala da gindi ba." Ya juya keken ya fuskanci taga. "Ka gama, Orval. Ba sai ka ƙwanƙwasa ka ce ka gama ba, za mu gani."

Kwana biyu ya ƙara yana aikin. Dusar ƙanƙara ta farkon shekara ta sauko a rana ta biyu, yana share ta da hannu kafin ya buga kowace ƙusa. Ba a fito da kofi ba. Labari ya zaga gari kafin Lahadi, mutane suka riƙa zuwa garejinsa ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukar motocinsu, wasu a kwance ba a haɗa ba, a cikin kwali. Waɗanda suka guje wa Glenda a shago ba su je sun ba ta haƙuri ba, sun dai koma gaishe ta kamar ba a yi komai ba. Ita kuma ta nemi a sauya mata hanya, aka ba ta ta ƙauyukan arewa. Ba ta sake taɓa rimot ba.

Ranar Litinin da yamma wayar Orval ta yi ƙara. Bernice ce. Ta ce ba za a ba ta hutu a wurin aiki duk Talata ba, asibitin ƙafar kuma mil arba'in ne, kuma duk wanda suka tambaya yana da uzuri.

"Ƙarfe takwas," ta ce. "Kada ka shigo. Ka tsaya a waje." Ta kashe.

Ya iso takwas saura kwata. Lonnie ya gangaro da kansa, ya ƙi a riƙe masa keken, sai wajen shiga mota ne dole ya rataya hannu a wuyan Orval. Nauyinsa ya ragu sosai. Suka kama hanya tsakanin gonakin masara da aka girbe, farare da ƙanƙara. Orval ya kunna rediyo, Lonnie ya miƙa hannu ya kashe. Mil arba'in babu wanda ya yi tari.

A asibitin wata ma'aikaciya mai fara'a ta tarbe su da takarda a hannu. Ta tambayi Lonnie sunansa da ranar haihuwarsa, ta rubuta, sannan ta dubi dattijon da ke tsaye a bayan keken, hula a hannu.

"Wannan fa? Ɗan'uwa ne ko aboki? Idan na gida ne zai iya shiga tare da kai, yana da kyau wani ya koyi yadda ake ɗaura ta."



"Direba ne," in ji Lonnie. "Zai jira a nan."

Ta tura keken suka shige, ƙofar ta rufe kanta. Orval ya nemi kujera a jikin bango, tsakanin wata tsohuwa mai sanda da tukunyar fure, ya zauna, ya ɗora hular a gwiwarsa.